Albasa ba ta fure sai ta huta

 A wannan mako za mu duba wata damuwa da ke tasowa kowace shekara idan kaka ta yi, an ɗaure hatsi, iskar gabas ta fara kaɗawa. Mutane iri biyu ne ke kuka da ita a Filinge da sauran garuruwan ƙasar Kurfai, kuma kowannensu na zaton tasa matsalar daban ce.

Na farko shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai sha'awar gyaran gida. Ya je Yamai ya tsaya wurin masu sayar da furanni, ko kuwa wani aboki ya kawo masa tsaraba daga Maroko ko Faransa: wasu dunƙule-dunƙule masu kama da albasa, cikin takarda mai hoton fure ja ko fari, an rubuta cewa da kaka suke buɗewa. Ya shuka, ya sa yaro ban ruwa safe da maraice, ya zuba taki ba ƙyashi. Shekara ta zagayo, ganye ya yi kore shar, amma fure ko ɗaya babu. Wata shekarar ma haka. Daga ƙarshe ya ce mai sayarwa ya cuce shi, ya tuge ya zubar.

Na biyu shi ne mai garka a cikin Dallol. Shi albasar miya ya dasa don ya kai kasuwa, sai ga rabin fangalinsa ya fitar da kara ya yi fure tun kai bai ƙosa ba. Ko kuma uwar albasa ya dasa don ya sami iri, sai ta ba shi ƴan furanni marasa tsaba. Wancan na neman fure bai samu ba, wannan kuwa fure ya zo masa ba gayyata. Asarar na farko ta sha'awa ce, asarar na biyu ta abincin iyali ce, amma tushensu guda: an manta cewa kowace albasa na da lissafin watanninta, kuma da lissafin ƙasar da ta fito take aiki.

Rumbun da ke cikin ƙasa

Duk wanda ya taɓa yanka albasa ya san ɓawo ne bisa ɓawo. Kowane ɓawo gindin ganye ne da ya kumbura da abinci, dukansu kuma suna zaune kan wani ɗan faifai mai tauri inda saiwa ke fitowa. A tsakiyar faifan nan idon tsiro yake. Albasa dai rumbu ce. Tsiro ya tara abinci lokacin wadata domin ya ci lokacin tsanani, kuma daga wannan rumbu yake biyan kuɗin fure, tunda fure da tsaba su ne aiki mafi tsada a rayuwarsa. Gidan da rumbunsa bai cika ba, ba ya ɗaukar biki.

Saboda haka abubuwa uku ne ke bin juna kafin a ga fure. Da farko akwai lokacin ganye, inda hasken rana da ruwa ke cika rumbun. Sai lokacin hutu, inda ganye ke bushewa, albasa ta kwanta cikin busasshiyar ƙasa kamar ta mutu. A yawancin irin waɗannan tsirrai, furen da za ka gani an riga an ƙera shi a cikin dunƙulen watanni kafin ya fito, yana nan ƙanƙane a naɗe. Na uku ita ce alamar tashi, wadda ke gaya wa albasa cewa lokaci ya yi. Ga wasu, alamar ita ce ruwan farko bayan dogon fari. Ga wasu, saukar zafi ce da shigowar sanyin dare. Wanda ke ban ruwa kullum daga Janairu har Disamba ya shafe hutun, ya kuma shafe alamar. A wurin albasar, damina ce da ba ta ƙarewa, sai ta ci gaba da ganye, tana jiran wata rana da ba za ta zo ba. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A garka ma haka yake, yawan ruwa ba ya sauya mata hali.

Malaman da ke bayan gari

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda abin yake. Filinge na da nisan wajen kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai, a cikin kwarin Dallol Boso. Ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ne ya fi ko wane wata. Sauran watanni takwas fari ne. A Afrilu da Mayu zafin rana na haura digiri 40, rairayi ya yi zafin da ba a iya taka shi ba takalmi. To a cikin wannan rairayin ne wasu albasoshin daji ke kwance, ba mai kula da su.

Idan ruwan shuka ya sauka, cikin ƴan kwanaki sai ka ga farin fure mai dogon wuya ya ɓullo a jigawa, yana buɗewa da maraice da ƙanshi, kashegari ya yanƙwane. Wannan shi ne tsiron da ake kira hatsin manoma, kuma sunan ya daɗe, domin likitan nan Dalziyel da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya rubuta shi cikin littafinsa na shekarar 1916. A wuraren da ruwa ke kwanciya kuma akwai albasar kwaɗi, mai manyan furanni farare da jan zane a tsakiyar kowane kunne. Danginta ne gadali, wanda ake shukawa a gidaje da rugage tun kaka da kakanni. Babu mai yi wa waɗannan ban ruwa da rani, babu mai zuba musu takin zamani, amma ba su fasa fure. Wata takwas na ƙishirwa shi ne hutunsu, ruwan farko shi ne alamarsu, ganyen damina kuma shi ke cika rumbun baɗi.

Ku lura da abu guda: albasoshin dajinmu da farkon damina suke fure. Dalili a fili yake. Tsiro na son tsabarsa ta faɗi ƙasa alhali akwai sauran ruwa a gaba. Kakarmu kuwa ƙofar rani ce, ba abin da ke bayanta sai ƙura da hazo.

Baƙin da suka zo da lissafin ƙasarsu

To me ya sa wasu albasoshin waje ke fure da kaka? Domin a ƙasashen yawancinsu kaka ita ce farkon damina. A yankin Kap na Afirka ta Kudu, da gaɓar Bahar Rum inda Maroko da Aljeriya suke, zafi da fari tare suke zuwa, ruwa kuma da sanyi yake sauka. Albasar can ta kan kwanta duk tsawon zafi, idan iska ta fara sanyi, ruwan farko ya taɓa ƙasa, sai ta harbo kara ta yi fure, ganye ya biyo baya ya yi aikinsa cikin sanyi da danshi. Wato abin da hatsin manoma ke yi a watan Yuni a Shikal ko Tukunus, shi ne ita ma take yi a ƙasarta. Sunan watan ne kawai ya bambanta.

Daga cikinsu akwai amarilis beladona, mai furanni ruwan hoda masu ƙanshi a kan kara tsirara, wadda ke buɗewa daga Fabrairu zuwa Afrilu a Kap, a Turai kuma wajen Satumba. Akwai nerin, ita ma daga Afirka ta Kudu, wadda ta yi fure a wani lambu na birnin Paris tun shekarar 1634. Akwai za'afaran, wanda ake tsinkar furensa daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba a tsaunukan Taliwin na Maroko da kuma ƙasar Iran. Zare uku ne kacal a kowane fure, sai an tsinki wajen fure 150.000 kafin a haɗa kilo guda, abin da ya sa ya fi ko wane kayan yaji tsada. Akwai kuma likoris ja ta ƙasar Sin da Japan, da ke fitowa a ƙarshen Satumba idan ƙasa ta fara hucewa, wadda manoman Japan ke shukawa a gefen gonakin shinkafa saboda gubarta na korar ɓeraye.

Waɗannan duka suna buƙatar watanni na sanyi na gaske domin ganyensu ya cika rumbu. A birnin Kap, zafin rana a tsakiyar sanyi bai cika wuce digiri 18 ba. A Filinge kuwa, ko a Janairu da muke rawar ɗari da asuba, da rana zafi na kai digiri 30. Ranar ɗarinmu ta fi ranar bazararsu zafi. Za'afaran ma sai ƙasa ta sauko wajen digiri 15 zuwa 17 yake fitar da fure, alhali Oktobanmu na cikin watanni masu zafi. Ga shi kuma daminarmu na zuwa daidai lokacin da suke son kwanciya a bushe, sai ruwa da zafi su haɗu su ruɓar da su. Mai son gwaji na iya ajiye su a tukunya ƙarƙashin rumfa duk damina, ya fara ban ruwa a Nuwamba ya daina a Maris. Sau da yawa zai ga fure a shekarar farko, amma wannan furen guzuri ne da albasar ta zo da shi daga ƙasarta. Shekara ta biyu ce ke faɗin gaskiya, kuma galibi ganye ne amsarta. Su tulib da danginsu na ƙasar Holan ba a ma maganarsu, domin sai sun yi wata uku zuwa huɗu cikin sanyin firigo.

Saboda haka tambayar da ta kamaci ɗan kasuwa kafin ya saro kaya, da ma'aikaci kafin ya zaro kuɗi, ita ce: a ƙasar wannan albasa, ruwa da zafi yake sauka ko da sanyi? In da zafi ne, ƴar gida ce, za ta zauna da mu. In da sanyi ne, baƙuwar kwana kaɗan ce.

A nan akwai wani ruɗani na suna da ya kamata a sani. Tsirrai biyu ne ake sayarwa da sunan amarilis. Ɗaya ita ce beladona ta Kap da muka ambata. Ɗayar asalinta Amurka ta Kudu ne, masana na kiranta hifiyastirum, kuma sai a taronsu na shekarar 1987 aka yanke gardamar wace ce mai sunan na asali, aka bar wa ta Kap. Amma a kasuwa har yau sunan guda ne. Ana bambanta su da kara: na beladona cikakke ne, na hifiyastirum kuwa rami ne a ciki kamar bututu, furanninta manya, biyu zuwa shida. Ita wannan ta biyu ta saba da ƙasashen zafi, har a Gana da Najeriya ana yi wa wani irinta laƙabi da furen hunturu, saboda da rani yake buɗewa bayan ruwa ya ɗauke.

Yadda za a sami fure da kaka a tsakar gida

Tunda sama ba ta ba da ruwa da kaka a ƙasarmu, mai gida ne zai zama damina, shi ne kuma zai zama rani. Abin da ke hannunsa shi ne ya san ranar da zai ɗauke guga da ranar da zai maido ta.

Ga hifiyastirum, a bar ta ta sha ruwa ta yi ganye daga Fabrairu har ƙarshen Yuli. Kusan bayan kowane ganye huɗu take ƙera fure guda a ciki, don haka duk ganyen da akuya ta cinye ko yaro ya tsinke, fure ne aka rage. Da shigar Agusta a ɗauke tukunyar a kai ta zaure ko ƙarƙashin rumfar da ba ta yoyo, a kwantar da ita a gefe, kada ɗigo ya taɓa ta har mako takwas zuwa goma. Ganye zai yi rawaya ya bushe, wannan ba ciwo ba ne. A tsakiyar Oktoba a tayar da tukunya, a cire busasshen ganye, a sauya ƙasar sama, a ba ta ruwa sau ɗaya sosai, sa'an nan a dakata har kan kara ya leƙo. Daga ranar ban ruwa zuwa buɗewar fure mako shida ne zuwa takwas, wato ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba.

Tuberoz, farin fure mai ƙanshin dare da asalinsa ƙasar Meksiko ne, wanda masu haɗa turare a Faransa da Indiya ke nomawa, shi ya fi sauƙi ga mai son furen kaka sosai. Yana son zafi da rana da ruwa. Wata uku zuwa huɗu yake ɗauka, don haka wanda ya shuka a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli zai sha ƙanshi a Oktoba, lokacin da ake kai hatsi gida. Sai dai kan da ya yi fure ba ya sakewa. Ɗiyan da ke kewaye da shi ne za a raba, a ajiye a bushe, a shuka manyansu baɗi, ƙananan kuma a ba su shekara su ƙosa.

Akwai kuma zefirantas, ƴar ƙaramar albasa mai ganye kamar ciyawa da fure fari ko ruwan hoda ko rawaya, ita ma daga nahiyar Amurka. Halinta halin hatsin manoma ne. A hana ta ruwa mako uku ko huɗu, sa'an nan a jiƙa ta sharkaf, cikin ƴan kwanaki tukunya ta cika da fure. Ana iya maimaita haka fiye da sau ɗaya a shekara, muddin an bar ta ta yi ganye a tsakani. Albasar kwaɗi da gadali da manyan danginsu na lambu kuwa, a bar su da lissafinsu na damina. Abin da suka ƙi jini shi ne tono. Idan an tuge su an sauya musu wuri, sukan yi fushin shekara ɗaya ko biyu ba fure. Ma'aikacin da ya san ana iya ɗauke shi daga Filinge a kai shi Tera ko Gaya ko wane lokaci, gara ya shuka nasa cikin babbar tukunya, ranar tashi ya ɗora ta a mota tare da kaya.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. Tukunyar ƙasa ta fi gwangwani da roba, domin ba ta dafa saiwa da rana, amma lalle a huda gindinta. A haɗa yashi kashi biyu da tsohon taki da ya ruɓe sarai kashi ɗaya, tunda ɗanyen taki na kiran gara yana kuma ƙona saiwa. Kada a binne hifiyastirum duka, a bar sulusinta a waje, kuma ta fi son tukunya mai ɗan matsi. Takin zamani fari da ake zuba wa masara ganye yake ƙarawa, in za a sa taki a sa ɗan kaɗan na 15-15-15 lokacin ganye kawai. Inuwar dogon yaro mai duhu ba ta ba da fure, ranar azahar ta Afrilu kuma na ƙona ganye, don haka a nemi gefen da ke samun hantsi ya sami inuwa da la'asar. Inda ruwan rijiya ke da ɗanɗanon kanwa, kamar yadda ake samu a wasu wurare na Dallol, a riƙa kwarara ruwa lokaci-lokaci har ya fita ta gindin tukunya ya wanke gishirin.

Gargaɗi kuma wajibi ne. Kusan dukan waɗannan albasoshi, na daji da na waje, suna da guba. Kada a ajiye su a madafa ko kusa da albasar miya, kada a bar su inda yara da bisashe za su kai baki.

Inda fure ya zama dukiya

Yanzu mu koma ga mai garka, domin akwai albasa guda da kakarmu ta yi wa daidai, ita ce wadda muke ci kullum. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a duk faɗin ƙasa, garake suka yawaita a Dallol Boso, inda ruwa ke kusa da baki. Bonkuku da ƙasar Imanan sun yi suna da dankalin turawa, kuma manoman can sun san zafin jiran iri, tunda mafi yawan ingantaccen irin dankalin daga Turai ake kawo shi. Albasa ba haka take ba. Irinta a garkarka yake, in ka san yadda ake sa ta fure.

Albasar miya tsiro ne na zango biyu. A zangon farko tsaba ta zama kai. A na biyu, bayan hutu, kan ya zama fure da tsaba. Alamarta ita ce sanyi. Albasar Turai sai ta sami wajen digiri 10 na makonni, amma ta Galmi da ke jihar Tawa, wadda ƴan kasuwarmu ke kaiwa har Kumasi da Abijan, ta saba da ƙasarmu, sanyin dare na Disamba da Janairu ya ishe ta. Wannan baiwa ce, domin da ita ne muke iya fitar da irinmu da kanmu. Darajar irin ta fito fili a shekarar 2009, da aka ji wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi hukumar OAPI da ke Yawunde ta ba shi takardar mallaka da sunan albasar Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, daga baya kamfanin ya sauya wa nasa irin suna.

Aikin iri tun ranar girbi yake farawa, a Maris ko Afrilu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ware matsakaitan kawuna, masu faɗin santimita 4 zuwa 6, masu siririn wuya, masu launin Galmi sosai, waɗanda ba su rabu biyu ba, ba su kuma taɓa fitar da kara ba. A shanya su a inuwa har wuya ya bushe, a jera su cikin rudu mai shan iska, nesa da ƙasa, a riƙa dubawa duk damina ana fitar da ruɓaɓɓu. Wannan zama na wata shida shi ne hutunsu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba a dasa su. Manoma da yawa kan yanke saman kan, wajen sulusi, su shafa toka, su bar shi ya sha iska kafin dashe, don idanun ciki su fito tare. A bar wajen taƙi guda tsakanin kai da kai, taƙi biyu tsakanin layi da layi.

Lokacin dashe shi ne ran aikin. Wanda ya dasa a kan kari, albasarsa na da ganye sosai sa'ad da ɗari ya kankama, kowane kai ya fitar da kara da yawa, fure ya buɗe a Janairu da Fabrairu, tsaba ta nuna kafin zafi. Wanda ya yi jinkiri har ƙarshen Disamba, sanyi ya wuce shi, ɗan furen da ya samu kuma zai faɗa cikin zafin Maris, tsaba ta fito ba ƙwaya. A wannan zango ba a yi wa albasa ƙishirwa, hutunta ya riga ya wuce, a ba ta ruwa a kai a kai har tsaba ta fara baƙi. Zuma da ƙudaje ne ke ɗaukar garin fure daga wannan kai zuwa wancan, don haka wanda ya fesa maganin ƙwari da rana alhali fure na buɗe, ma'aikatansa ya kashe. Idan maƙwabci na fitar da irin farar albasa, ƙudan ba su san iyakar garka ba, za su gauraya muku iri. Masana na son a bar tazarar kilomita guda tsakanin iri biyu, abin da ke nufin mutanen gari su yi shawara su tsaya kan iri ɗaya.

Idan ƴan kwanson farko suka tsage, baƙar tsaba ta bayyana, a yanke kan furen da ɗan guntun kara, ba duka rana ɗaya ba, sai wanda ya nuna. A shanya bisa zane a inuwa, a murje, a sheƙe. Giram ɗaya na ɗauke da tsaba wajen 250 zuwa 300, kuma wajen kilo 4 ke isar dashen hekta guda. Sai dai irin albasa ba ya da tsawon rai, a zafin ƙasarmu da wuya ya wuce shekara da ƙarfinsa. A busar da shi sarai, a rufe cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye a ɗaki mafi sanyi.

Saura maganar furen da ya zo ba gayyata. Albasar kasuwa da aka yi yafinta da wuri, ta riga ta yi girma sa'ad da ɗari ya shigo, sai ta ɗauka zango na biyu ne ya zo, ta fitar da kara. Irin wannan kai na da tauri a tsakiya, ba ya ajiyuwa, mai saye kuma na karya masa kuɗi. Babbar ɓarnar ita ce manomi ya ce tunda ga fure a banza, bari ya bar shi ya ɗebi iri, ya huta da ajiyar wata shida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Albasar da ta yi gaggawar fure, ɗiyanta ma masu gaggawa ne, kuma kowace shekara abin ƙaruwa yake, har garka ta koma rabi kai rabi kara. Irin da ake aunawa a kasuwa ba a san uwarsa ba, yawancin wannan ciwo ta nan yake yaɗuwa. Masu bincike na INRAN, wadda aka kafa a 1975, sun daɗe suna aikin tace irin Galmi daga wannan hali, amma aikin shekaru na iya rushewa a garka guda cikin zango biyu ko uku. Karan da ya fito a fangalin kasuwa a karye shi tun yana ƙarami, a sa shi cikin gabu, a fara cin kan ko sayar da shi kafin sauran.

Ɗan kasuwar da ke sayar da iri a Filinge ko a kasuwar Lahadi ta Balayara, ya tambayi mai kawo masa: daga uwar albasa da ta kwana a rudu aka fitar da shi, ko daga furen shekarar farko? Kuma na wace shekara ne? Kafin ya zuba kuɗi, ya ƙirga tsaba ɗari ya naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana goma ya ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai saba'in ba, ya san abin da ake son sayar masa. Ma'aikacin da ke da ɗan fili a bayan gida kuma, ko fangali biyu na uwar albasa ya dasa a Nuwamba, zai sami farin fure da zai ƙawata gidansa a Janairu, ya kuma sami irin da zai ba ƴan uwa a ƙauye.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ginin rudu da dabarun rage ruɓewar albasa da damina. Mu kwana nan, a huta lafiya.